Jijiyar zuciyar Baba ta sake tsukewa bayan an sa masa raga: gado ne ko aikin ne bai yi kyau ba?

Ɗan Autan Baba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san abin nan ya fahimtar da ni, don gidanmu an rabu biyu a kansa. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka kai mahaifinmu Indiya aka sa masa 'yar ragar ƙarfen nan da ake kira sitent a ɗaya daga cikin jijiyoyin zuciyarsa. Shekararsa 64, kuma ya daɗe da ciwon suga. Ya dawo garau, har da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a. To tun watan jiya abin ya dawo. In ya fita sallar Asuba, kafin ya kai kwanar layinmu sai ya tsaya ya dafa katanga, ya ce kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji. In ya huta minti biyu ko uku sai ya lafa. An sake yi masa hoton jijiya, likita ya juyo mana da kwamfuta ya nuna mana: cikin ragar ne da kanta ya tsuke, ya ce kusan kashi 70 cikin 100.

Abin da ya ɗaga mana hankali, Baffanmu ƙanensa haka ta faru da shi shekarun baya. Yayarmu ta ce jini ne, mu ma mu shirya. Babban yayanmu ya ce ba wani gado, aikin ne aka yi shi sama-sama aka karɓe kuɗinmu. Shin da gaske ana gadon wannan? In ana gado, akwai gwajin da za mu yi mu sani?

Uwargida Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Maigidana ma yana ɗauke da ragar nan shekara huɗu, ina nan ina sauraro.

Kawu Na Gusau:
Yaro, yayanka ya fi ka gaskiya. Duk abin da ya gagari likita sai ya ce gado ne. Ka sayar da gona ka kai mutum ƙasar waje, a ce maka an buɗe hanya, ko shekara ba a yi ba ta toshe, sannan a ɗora wa kakanninka laifi. Ni ban yarda ba.

Likitan Zuciya a Ingila:
Allah ya ƙara sauƙi, ƙanena. Kafin komai: in ciwon ƙirjin ya fara zuwa masa yana zaune ko yana kwance, ko ya ƙi lafawa bayan ya huta, ko ya zo da gumi da amai, kada ku jira ranar ganin likita, ku tafi asibiti a daren. Wannan ya fi duk abin da zan faɗa a ƙasa muhimmanci.

Sai tambayarka. Abin da likitan ya nuna muku, yawanci ba kitsen da ya toshe jijiyar tun farko ba ne ya dawo. Tabo ne. Lokacin da aka hura ɗan balan-balan a cikin jijiyar aka manna ragar a jikinta, an ji wa bangonta rauni, dole. Jiki kuwa in ya ga rauni sai ya tashi gyara: ƙwayoyin tsokar bangon jijiyar su hayayyafa, su ratso ta ramukan ragar su lulluɓe ta. Ɗan lulluɓin nan ana son sa, shi ke rufe ƙarfen kada jini ya riƙa gogar sa. Matsalar sai in gyaran ya wuce gona da iri, naman ya yi kauri ya ci hanyar jinin. In ya cinye rabin faɗin jijiyar ko fiye, shi muke kira sake tsukewa. Galibi cikin wata shida zuwa shekara yake bayyana, daidai lokacin da ka ambata.

Kawu, da girmanka, wannan matsalar ta girmi asibitin da aka kai Baba. Tun 1977 da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik ake fama da ita. A wancan zamanin kusan mutum ɗaya cikin uku ko fiye tasa kan sake tsukewa. Aka kawo ragar ƙarfe a 1986, abin ya sauka zuwa kashi 20 zuwa 30. Daga 2003 aka shiga amfani da raga mai ɗauke da maganin da ke hana naman toho, ya sauka ƙasa da kashi 10. Amma bai kai sifili ba ko a hannun gwanin gwanaye.

Kawu Na Gusau:
To Likita, ka ce aikin hannu ba shi da laifi ke nan?

Likitan Zuciya a Ingila:
Ban ce haka ba, Kawu. Yana iya zama da laifi, kuma yana cikin manyan dalilai. In ragar ba ta buɗe sosai ba, musamman a jijiyar da ta yi tauri kamar dutse, to dama hanyar da aka bari ƙarama ce, nama kaɗan ya isa ya cike ta. Sai dai ba a gane wannan da zato ko da fushi. Akwai 'yar na'ura da ake zurawa cikin jijiyar ta ɗauko hoton bangon daga ciki, ita ke nuna ko ragar ta buɗe yadda ya kamata ko kuwa. Maganar yayan nasu tambaya ce mai kyau, kuma tana da hanyar amsawa.

Ɗalibar Ƙwayoyin Gado:
Likita, ka yi haƙuri, ina ganin kamar ka tsallake ɓangaren yayarsu. Mutum biyu, jijiya iri ɗaya, raga iri ɗaya, hannu ɗaya ya sa musu, ɗaya ya warke lafiya ɗaya tasa ta cike. Me ya bambanta su in ba yadda jikinsu ke amsa rauni ba? Kuma wannan amsar a rubuce take a ƙwayoyin gado. An yi babban bincike a Holand mai suna GENDER, aka bi mutum sama da 3,000 da aka buɗe wa jijiya, aka samu alaƙa tsakanin sake tsukewar da wasu ƙwayoyin gado masu kula da kumburi a jiki. Akwai kuma ƙwayar gadon HO-1, wadda ke kare bangon jijiya, an ga bambancin tsawon wani yanki nata yana tafiya da matsalar a wasu bincike. Ba camfi ba ne.

Likitan Zuciya a Ingila:
Ba camfi ba ne, ƙanwata, na yarda da ke. Ni ma na yi imani gado na da hannu. Inda muka rabu shi ne girman hannun, da ko za mu iya auna shi a jikin mutum ɗaya mu gaya masa makomarsa.

Bari in ba ki labarin ACE, wata ƙwayar gado mai alaƙa da hawan jini, don shi ya koya wa fanninmu hankali. A shekarun 1990 wasu bincike suka nuna masu ɗauke da nau'in da ake kira DD na wannan ƙwayar gado sun fi samun sake tsukewa. Aka yi murna, saboda muna da magungunan hawan jini da ke danne ACE ɗin. Aka ce to shike nan, a gwada mutum, in DD ne a ba shi maganin. Aka yi gwajin a Faransa, aka fitar da sakamako a 2001: maganin bai hana komai ba. A 2002 kuma aka tattara binciken duka aka duba, sai ga shi ƙananan ne ke nuna alaƙa mai ƙarfi, manyan da aka yi da tsanaki kusan ba su ga komai ba. HO-1 da kika ambata ma haka ta same shi, da aka maimaita shi a mutane masu yawa a Jamus alaƙar ba ta tsaya ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ƙwayoyi ne da yawa, kowace da ɗan guntun tasirinta, ba guda ɗaya mai yanke hukunci ba. Shi ya sa har yau babu gwajin gado da muke yi a asibiti don hasashen wanda ragarsa za ta cike da nama. In wani ya ce ku kawo kuɗi zai yi muku, ku riƙe kuɗinku.

Ɗalibar Ƙwayoyin Gado:
Na karɓi wannan. Amma ka bar ni da guda ɗaya: kusan duk binciken nan a jikin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka yi su. An ƙididdige a 2016 cewa wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da ke cikin manyan binciken ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne. Alhali Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin ƙwayoyin gado a duniya. Don ba a samu abu a Holand ba, ba hujja ba ce cewa babu shi a Kano ko Damagaram. Wannan giɓin ne ya sa aka kafa shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, kuma shi ya sa na zaɓi wannan karatun. Abin yana ci mini rai.

Likitan Zuciya a Ingila:
Nan ba ni da ja ko kaɗan. Allah ya ba ki ikon cike mana shi.

Uwargida Zariya:
Likita, ni tambayata ta mata ce. Ka ce tabo ne. A danginmu akwai waɗanda ko hujin kunne aka yi musu sai wurin ya tashi ya yi tudu kamar gyaɗa, ƙanwata har sai da aka yi mata aiki ya sake dawowa. Maigidana ɗan'uwana ne, auren gida muka yi, shi ma yana da irin tabon a kafaɗa inda aka yi masa allurar rigakafi. Tun da na karanta bayaninka gabana ke faɗuwa. Cikinsa ma haka zai yi?

Likitan Zuciya a Ingila:
Hajiya, kwantar da hankalinki. Kin kawo misali mai kyau, don tabo mai tudun nan ana gadon sa, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Amma fata daban, bangon jijiya daban, kuma likitocin zuciya ba sa duba tabon fata su yanke cewa raga za ta cike. Sannan maigidanki ya shekara huɗu lafiya, ya wuce lokacin da irin wannan naman ya fi tasowa. Abin da ake tsaro a shekarun baya shi ne sabon kitse ya taru a cikin ragar ko a wata jijiyar, maganinsa kuwa shi ne ya riƙe maganin kitsen jini, ya kula da hawan jini da suga, kada ya kusanci taba.

Mai Harhaɗa Magani Kano:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangarena, don akwai wurin da gado ke da magana ƙarara kuma ba a taɓo shi ba. Ɗan Auta, je ka ɗauko kwandon maganin Baba ka rubuto mana sunayen yadda suke a jikin kwali, har da wanda ya saya da kansa.

Ɗan Autan Baba:
Ga su, Yaya: aspirin, clopidogrel, atorvastatin, metformin, sai wani omeprazole da yake aika yaro ya sayo masa a kemis saboda olsa. Wannan ba likita ne ya rubuta ba, ya fi shekara biyar yana sha. Kuma tunda ana maganar gaskiya, Umma ta ce akwai wajen sati uku bayan Babbar Sallah da clopidogrel ɗin ya ƙare ba a sayo ba, Baba ya ce ai ya warke.

Mai Harhaɗa Magani Kano:
To ka ga abin da nake nufi. Clopidogrel, maganin da ke hana jini daskarewa, in ka haɗiye shi ba ya aiki a yadda yake, sai hanta ta juya shi tukuna. Sinadarin hantar da ke wannan aikin sunansa CYP2C19, kuma ƙarfinsa galibi gado ne, kwafi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji raunana biyu, yana shan maganin kullum amma kaɗan ne ke zama mai amfani a jininsa. A 2010 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi na musamman a takardar maganin kan wannan. Ƙiyasin da ta bayar, masu irin wannan rauni kusan kashi 2 ne a Turawa, 4 a baƙar fata, 14 a 'yan Sin. Masu kwafi ɗaya mai rauni sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Sai omeprazole. Shi ma ta wannan ƙofar yake bi, yana danne sinadarin. Ke nan ko ka gaji hanta mai ƙarfi, yana iya rage wa clopidogrel kaifi. Kullum ina ganin wannan a kanti: dattijo ya miƙo takardar asibiti da hannun dama, ya ce a ƙara masa na olsa da hannun hagu, kuma likitansa bai taɓa jin labari ba.

Kawu Na Gusau:
Ashe ga ɓarawon nan a cikin kwando.

Likitan Zuciya a Ingila:
A'a Kawu, a yi hattara a nan, kada a koma gida a hau dattijo da faɗa. Duk abin da Mai Harhaɗa Magani ya faɗa daidai ne, amma matsala ce ta daban. Clopidogrel gudan jini yake hanawa, wato jini ya daskare a kan ragar ya toshe ta farat ɗaya, wanda shi ne mai kisa cikin sa'o'i. Ba ya hana naman tabo girma. Abin da ke damun Baba a hankali ya zo, in ya yi tafiya ya taso, in ya huta ya lafa, kuma hoto ya nuna tsukewa: wannan kamannin nama ne. Sati ukun da ya yi babu magani haɗari ne babba, Allah ya tsare, amma da wuya a ce shi ya jawo wannan.

Inda maganar take da nauyi shi ne gaba. In za a sake yi masa aiki, zai sake dogara da maganin hana gudan jini, to a nan gwajin CYP2C19 yana da ma'ana, don in mai rauni ne akwai ticagrelor ko prasugrel da ba su rataya a kan wannan sinadarin haka ba. Sai dai sun fi tsada, sun fi sa zubar jini, prasugrel kuma ba a ba wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Wani gwaji a Holand a 2019 ya nuna zaɓen magani bisa wannan gwajin bai ƙara toshewa ba, ya kuma rage zubar jini. Wani mafi girma a 2020, mai mutum sama da 5,000, ya karkata wajen amfani amma bai kai matakin tabbaci ba. Shi ya sa wasu asibitoci ke yi wasu ba sa yi.

Kuma kada ku cire masa omeprazole da kanku. Mai olsa da ke shan aspirin da clopidogrel tare yana buƙatar abin da zai kare masa ciki. Ku gaya wa likitansa, akwai wani maganin olsa, pantoprazole, da bai cika shiga hanyar clopidogrel ba.

Mai Harhaɗa Magani Kano:
Haka ne, Likita, na gode da gyaran. Na yi gaggawar haɗa biyun.

Likitan Zuciya a Ingila:
Ɗan Auta, akwai ɗan kati da ake bayarwa bayan aikin, mai ɗauke da faɗi da tsawon ragar. Nemo shi. Sannan gwajin suga na wata uku, nawa ya nuna na ƙarshe? Baffan naku kuma yana da suga? Wace shekara aka sa masa tasa?

Ɗan Autan Baba:
Na samo katin a cikin jakar fasfo ɗinsa. An rubuta 2.5 da 33. Gwajin wata uku 9.4 ne, na watan jiya. Na kira ɗan Baffa, ya ce mahaifinsa ma yana da suga har allura yake yi, kuma a 2007 aka sa masa a Masar, ya ce raga marar magani ce don ita suka iya biya a lokacin. Kakarmu ma da suga ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Likitan Zuciya a Ingila:
Amin. To yanzu hoton ya fito. Faɗin milimita 2.5 siririyar jijiya ce. Ka ɗauki tiyo siriri da bututu mai faɗi, ka shafa wa kowanne laka mai kauri ɗaya a ciki: bututun ba zai ji ba, tiyon kuwa ya kusa toshewa. Tsawon milimita 33 doguwar raga ce, raunin da aka ji wa bango ya yi tsawo ke nan. Suga kuma a 9.4 ya hau sosai, ga yawancin masu ciwon ana son a ga wajen 7, kuma suga na cikin abubuwan da aka fi tabbatar suna ingiza naman nan. Siririyar jijiya, doguwar raga, ciwon suga: ukun da kowane littafin fanninmu ke lissafawa, duk sun haɗu a kan Baba. Baffa kuma suga da raga marar magani, wadda dama ɗaya cikin huɗu ko biyar kan cike.

Ka gaya wa yayarku ba ta yi kuskure ba, akwai gado a gidanku. Amma wanda nake gani da idona shi ne na suga, daga kaka zuwa 'ya'yanta biyu, da kuma ciwon jijiyar zuciyar kansa a 'yan'uwa biyu. Wannan shi ya shafe ku, ku da ba ku da raga a ƙirji. Gwajinsa kuma ba sai an aika jini Turai ba: suga, hawan jini, kitsen jini, kowannenku ya je a auna shi.

Ɗalibar Ƙwayoyin Gado:
In ƙara ɗaya a jerin, Likita: Lp(a). Wani nau'in kitsen jini ne da kusan gado ne kaɗai ke yanke yawansa, abinci da motsa jiki ba su cika taɓa shi ba, kuma 'yan asalin Afirka sun fi Turawa yawansa a jimlace. Ba ya fitowa a gwajin kitse na yau da kullum sai an nema shi da sunansa. Sau ɗaya a rayuwa ya wadatar.

Likitan Zuciya a Ingila:
Na goyi baya, musamman a gidan da 'yan'uwa biyu suka kamu. In ya fito da yawa, sai a ƙara matsa wa sauran abubuwan da ake iya saukarwa.

Kawu Na Gusau:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana sai an zura na'urar nan an ga ko ragar ta buɗe. In ta buɗe, zan dawo nan in ce na yi kuskure. Amma yaro, ku daina bari magani na yankewa. Ku 'ya'ya nawa ne? Ku raba watanni a tsakaninku.

Ɗan Autan Baba:
Mu bakwai ne, Kawu, kuma wannan shawarar yau za ta fara aiki, na ɗauki watan farko. Likita, ranar Alhamis za mu koma. Sun ce ko dai a sa wata raga a cikin ta farko, ko a yi amfani da balan-balan mai magani. Wanne ya fi?

Likitan Zuciya a Ingila:
Duka biyun hanyoyi ne da aka yarda da su, wanda ke kallon jijiyar shi zai zaɓa. Balan-balan mai magani yana shafa maganin a bango ya fita, ba ya ƙara wani ƙarfen, abin da ke da daɗi a siririyar jijiya. Sabuwar raga kuma takan ɗan fi shi rage yiwuwar a sake dawowa aiki. In kuma sauran jijiyoyin ma sun kamu, ga suga, to ku bari a yi muku bayanin tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya kafin ku yanke shawara. Ku tambaye su ko za su duba cikin ragar da na'urar kafin su taɓa ta, don in ba ta buɗe ba ne, sai an fara buɗe ta sosai. Ku tafi da katin, da faifan hoton aikin farko in an ba ku, da kwandon maganin gaba ɗaya har da omeprazole ɗin. Kuma ku nemi a haɗa Baba da likitan suga a wannan satin, kada a jira sai bayan aiki.

Ɗan Autan Baba:
Faifan yana wurin babban yayanmu, na tura masa duk abin da aka rubuta a nan, ya ce zai zo da shi da kansa ranar Laraba da daddare. Yayarmu kuma ta ce gobe da safe kafin ta karya za ta je a auna mata suga.

Uwargida Zariya:
Allah ya sa a yi a sa'a. Ka dawo ka gaya mana abin da na'urar ta nuna, ni da Kawu muna jira.